Gara Hannun Ɗan'uwa

Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗawa ruwa a Gummi ya san rumfar Dalhatu, nan bayan tasha. Mutum ne siriri marar son magana, irin wanda in ka gaishe shi sai ya gama ɗaure kusar da ke hannunsa sannan ya amsa. Ɗan Adabka ne. Ya taso da fartanya, ya gama sakandare a Bukkuyum da ƙyar da jiɓin goshi, ya bi wani mai gyaran rediyo har hannunsa ya faɗa. Turancinsa bai wuce na karanta bayan batir ba. Amma wannan bawan Allah yana cikin masu kula da wata babbar burauza, manhajar shiga intanet da mutanen duniya suka taru suna ginawa kyauta. Gado ne ya kai shi can.

Ƙanensa Salim shi ne mai ƙwaƙwalwar gidan. Ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, kuma abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne, in ka nemi "kasa" a shafi burauzar ba ta nuna maka "ƙasa", alhali rabin Hausawa ba sa lanƙwasa harafi a waya. Ya zauna ya rubuta sashen da ke koya mata haruffa masu ƙugiya, aka karɓa. In ya zo hutu sai ya tsare wansa a rumfa yana nuna masa, Dalhatu na gunaguni yana koyo. Da wata damina babur ya kayar da Salim bayan Nasarawa Burkullu, bai kai asibiti ba.

An binne shi a Adabka yadda ake binne kowa, tudun ƙasa da ƙaya, babu suna. Ruwa ya yi ta dukan wurin, hanya kuma ta zama sai mai ƙarar kwana, har Dalhatu ba zai iya rantsewa ga wanne ne kabarin ba. Wuri ɗaya ya rage. A aikin burauzar nan, kowane layi na rubutun manhaja yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Ka buɗe sashen haruffan, za ka ga Salim Ishaq, Salim Ishaq, tun daga sama har ƙasa. Da yake babu wani Bahaushe a kusa, Dalhatu ya gaji sashen. In an kawo ƙorafi sai ya ƙara nasa gyaran daga ƙasa, bai taɓa sa hannu a layin ƙanensa ba.

Shi kuwa Salim, Allah ya jiƙansa, rubutunsa kamar kaji sun yi tono. Nan tazara biyu, can huɗu, wani layin ya miƙe sai ka ce hanyar Anka.

Sai ga sanarwa. Manyan aikin sun gaji da gardamar ina za a sa baka, ina za a sa waƙafi, sun yanke shawarar kawo wata manhaja da za ta bi rubutun gaba ɗaya ta daidaita shi tsari guda. Ba za ta canza aikin kowa ba, jeri kawai za ta gyara. Dalhatu ya karanta. Ya san babu layin Salim da zai tsira daga wannan inji, kuma duk layin da aka taɓa, sunan mai taɓawa yake ɗauka.

Ya rubuta wa matar da ke shugabantar ɓangarensu, wata baturiya mai kirki, yana roƙon a tsallake sashensa. Bai faɗi dalili ba. Ta ce ba za a ware kowa ba, amma kada ya damu, ga bayani. Bayanin shafi ne mai tsawo, Turanci tsagwaronsa. Ya bi shi har kansa ya yi zafi bai kamo bakin zaren ba, kuma kunya ta hana shi tambaya karo na biyu.

Matarsa Surayya ce ta fara lura, da ya dawo cin abincin rana.

"Baban Khairat, mi as same ka? Tun shekaranjiya juya tuwo kakai ba ka ci."

"Inji za su kawowa, shi bi ta kan rubutun yaron ga."

"Shi ɓata aikin nai?"

"Aiki na nan. Sunan yaron na za ya tahi."

Ta san abin da sunan yake a wurinsa. Ta ce, "To in babu makawa, sai haƙuri."

In babu makawa. Da wannan maganar ya koma rumfa, yana tafe yana juya ta. Ranar da aka kawo gawar Salim, shi da kawunsu suka yi masa wanka, ba su bar wa baƙo ba. Haka ake yi. In dole sai an taɓa mutum, gara hannun ɗan'uwa da na bare, balle na abin da ko alwala bai sani ba.

Ranar Juma'a da safe, kafin kasuwa ta cika, ya sauke labulen rumfa, ya yi bisimilla, ya buɗe kwamfutar Salim. Ya ajiye sabon tsarin a gefe yana dubawa, yana gyara layi bayan layi da hannunsa. Mai tsawo ya raba shi biyu, gajeru ya haɗe su. Bai yi gaggawa ba. Da ya aika, aka karɓa nan take har da godiya. Ya buɗe ya ga Dalhatu Ishaq ya sauko tun daga sama har ƙasa. Ya ce wa kansa ya sauke nauyi.

Inji ya zo ya wuce, bai sami abin gyarawa a sashensa ba. Washegari Dalhatu ya leƙa sashen maƙwabta don ya ga ɓarnar da aka yi musu. Sunayen tsofaffin marubutan suna nan daram, ko ɗaya bai motsa ba. Ya buɗe wani, haka. Ashe abin da dogon bayanin ke faɗi ke nan: an yi wa aikin injin alama, duk mai duba suna za a tsallake masa shi kamar bai wuce ba. Da ya naɗe hannu ya zauna, da Salim na nan. A duk faɗin aikin, shi kaɗai ya goge nasa.

Wannan karon kunya ba ta da wurin zama. Ya rubuta wa matar da Turancinsa mai ɗingishi, ya gaya mata Salim ƙanensa ne, ya rasu, kuma ba a rubuta suna a kabarinsu. Ita ba ta ma san ya rasu ba, ta ɗauka aiki ya samu ya daina leƙowa. Ta yi masa ta'aziyya, ta ce za ta sa a lissafa gyaransa tamkar na inji, a riƙa tsallake shi. Sai dai inda ya raba layi ko ya haɗe, ba ta yi alkawari ba.

Kwanakin jiran nan, ya sa wa wani batir a juye, ya mayar wa wata wayar da ba tata ba. Da aka gama, Salim ya dawo a mafi yawan layukan. Nan da can kuma sunan Dalhatu ya maƙale, ya ƙi tashi. Ya yi hamdala, ya rantse a ransa ya gama taɓa wurin har abada.

Bayan girbi wata malamar makaranta daga Anka, Hafiza, ta aiko da ƙorafi. Ɗalibanta in sun nemi kalma mai babban Ɗ ba ta fitowa. Dalhatu ya bi sawu yana addu'ar laifin ya kasance cikin nasa gyaran. Bai kasance ba. Kuskuren na tsakiyar wani layi mai sunan Salim, harafi ɗaya da yaron ya manta, kuma babu dabarar gyara shi daga ƙasa.

Ya daɗe yana kallon layin. Wani mai waya a bakin rumfa ya yi gyaran murya, Dalhatu ya ce masa ya dawo bayan la'asar. Sannan ya karanta sunan a hankali, ya yi masa addu'a, ya ƙara harafin.