Ta Tara, Wadda Ba Ka Ƙirga Ba

Allah ne Ya bayar, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Ranar Laraba sha ɗaya ga watan Yuni, bayan sallar la'asar, Allah Ya ɗauki ranka, Baba, bayan jinyar shekara huɗu. Masu zuwa gaisuwa suna ta faɗin alherinka, kuma ba ƙarya suke ba. Shekara talatin da biyar kana koyar da kimiyya a sakandare, ba ka taɓa makara ba. Ni ma ina da nawa abin faɗa, ni 'yarka ta tara, auta.

Mu tara Allah Ya ba ka, a lokacin kuma littafin makaranta yana cewa duniyoyi tara ne ke zagaya rana. Ka ɗauki wannan a matsayin kyauta ta musamman. Kowace Asabar da safe sai ka tasa mu gaba zuwa filin makaranta, ka kafa turke, ka ɗaura igiya, ka zana zobe tara da toka, wani a bayan wani. Kai kake tsayawa a tsakiya da lemarka ruwan ɗorawa, domin kai ne rana. Kowa da zobensa bisa ga haihuwa, zai riƙa zagaya ka yana juyawa a kan ƙafarsa kamar katantanwa.

Wallahi an sha dariya a filin nan. Yaya Babba, duk girman jikinsa, shi ne Utarid, 'yar ƙaramar duniyar da ta fi kusa da rana, yana gudu yana haki domin kwana tamanin da takwas kacal take gama zagayenta. Yaya ta biyu ita ce Zuhura, ka ce juyinta baibai ne, ba irin na sauran ba, kullum sai jiri ya kayar da ita. Na biyar shi ne Mushtari, yana tafiyar ƙasaita amma yana juyi kamar mahaukaci. Na bakwai ka sa shi birgima, wai tasa duniyar a kishingiɗe take tafiya. Mama ta gaji da wankin rigarsa.

Ni ce Fuluto. Igiyarka ba ta kai zobena ba, sai ka ƙarasa shi da sanda. Ya bi ta bayan katanga, ya ratsa ƙaya, ya hau juji, ka ce daidai ke nan, ai hanyarta a karkace take. Ka hana ni sauri. "Shekara ɗari biyu da arba'in da takwas kike yi kafin ki zagaye ni sau ɗaya, ina za ki?" Idan ka busa usur, su takwas su jeru a layi ɗaya kamar yadda duniyoyi kan jeru a sama, tunda kusan a faifai ɗaya suke tafiya. Ni ina kan juji ina hango bayan kawunansu.

Duk da haka ina so, Baba. Ko ba komai ana ƙirga ni.

Ina da shekara goma sha ɗaya masana suka cire Fuluto daga jerin. Ka shigo gida da jarida kana murna kamar an yi maka haihuwa, domin kana son ilimi ya gyara kansa. Asabar ɗin nan ka zana zobe takwas. Na tsaya riƙe da bokitin toka ina jira. Ka ce, "Ke ai an soke ki. Riƙe mana ruwa." Kowa ya yi dariya, har Mama. Daga ranar sunana a gidanmu Sokakkiya, har 'ya'yan yayyena da shi suke kirana.

Su takwas suka yi karatu suka watse, kowa da aikinsa da iyalinsa. Mama ta rasu. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da kai, ni na ajiye aikina a kantin magani na dawo. Shekara huɗu ina juya ka duk bayan awa biyu don kada bayanka ya yi gyambo. Na laƙanci tarinka, na san na ƙishirwa da na fitsari. Wata rana ina yanke maka farce, na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, yau wa ya fi kusa da rana?" Ka yi murmushi da rabin bakinka. Ka ce, "Ita ma Fuluto takan shigo cikin zoben ta takwas, ta yi shekara ashirin, sannan ta koma inda ta fito." Ko a kan gadon ciwo lissafinka bai taɓa kuskure ba. Na ƙarasa yanke farcen, na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya.

Da likita ya ce a kira kowa, suka zo duka, abin da ba a gani ba tun rasuwar Mama. Ka ɗaga hannunka mai lafiya, suka gane, suka jeru a gefen gado daga Yaya Babba zuwa na takwas. Ka ƙirga da yatsa, idonka ya ciko. Ka ce, "Sun jeru." Sannan ka waiwayo gare ni, ina riƙe da kofin ruwanka. Na zaci kirana za ka yi, Baba, har na ajiye kofin na ɗaga ƙafa zan shiga layi. Ka ce, "Ke, ɗauke mu hoto."

Na ɗauka. Ya fito da kyau. Shi ne aka manna a ƙofar falo, masu gaisuwa suna cewa Allah Ya albarkaci wannan zuri'a.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ilimin da ka koyar ya bi ka. Ranar da za a ƙirga bayi, Allah kada Ya tsallake ka, domin na san zafin abin, ba na yi wa kowa fatansa. Na yafe maka, ko da yake ba ka nema ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗalibanka, da 'yan'uwanka, da 'ya'yanka takwas.