Farin Baba Mai Fari

Shekararsa sittin da uku, talatin da ɗaya daga ciki ya yi su yana haɗa farar tawada a wata maɗaba'a da ke buga rubutu a jikin ledar kaya. Shi ya sa kowa ke ce masa Baba Mai Fari.

Leda garai-garai take, in ba a fara shimfiɗa mata fari ba, duk launin da aka ɗora a kai sai ya dushe. Farin kuwa daga hodar titaniyam ake yin sa, wata hoda mai nauyi da ke kwanciya a gindin bokiti in an bar ta. Baba ne ke dama ta, sannan ya ɗiga mata ɗan shuɗi da bakin cokali don ta ƙara haske. Ba ya awo, da ido yake yi, kuma ba a taɓa ja da shi ba. Duk haɗin da ya gama sai ya shafa kaɗan a kati, ya rubuta kwanan wata, ya manna a bangon ɗakinsa na aiki.

Bana 'yarsa ta matsa masa aka cire masa yanar ido. Ranar da ya koma aiki, yana ɗaga kai ya ga bangon, sai ya tsaya cak. Tsofaffin katunan fari tas. Na shekara huɗun nan kuwa kowanne ya fi wanda ya gabace shi shuɗi, na ƙarshe kamar sararin sama.

"Dogo!" ya ƙwala wa mai kula da injin kira. "Wane mara mutunci ne ya taɓa min katuna?"

Dogo ya shigo yana goge hannu da tsumma. "Baba, ai rubutunka ne a jiki."

Dama likita ya gaya masa yanar ido na sa mutum ya riƙa ganin fari kamar rawaya, amma bai kawo komai a ransa ba sai yanzu. Ashe rawayar da yake ta kashewa da shuɗi a idonsa take. Ya zauna a kan buhun hoda.

"Wato shekara huɗu muna ba mutane kaya a haka?"

"Ko leda ɗaya ba ta fita a haka ba. In ka tafi cin abinci nakan ƙara hoda in sake damawa."

"Oga ya sani?"

"Shi ke riƙe min bokitin."

Baba ya buɗe baki ya kasa rufewa. "Ku duka? Har mai shara?"

"Ita ce ke tsaron ƙofa kar ka dawo ka kama mu."

"Da kun gaya min mana!"

"Wa zai fara? Kai da ka taɓa yi wa Oga kansa tsawa don ya leƙa bokitinka?"

Kwana uku Baba bai zo aiki ba, har aka fara cewa ya ajiye aikin. Ran Litinin ɗin nan ya dawo da ɗan ƙaramin sikeli a aljihu. Ya auna shuɗin, ya dama, ya daɗe yana kallon bokitin. Kafin ya rufe, sai ya leƙa waje.

"Dogo, zo ka duba min."