Ranar da Muka Ƙi Buɗe Ƙofa

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci ina zaune a gidan gwaggona a Takur, ina jiran sakamakon jarrabawa. Mijinta ma'aikacin sakatariya ne. Da ya fita sai matan maƙwabta su cika falonmu, don mu kaɗai ke da bidiyo da na'urar sidi a layin.

Akwai wani fim ɗin Indiya da muka kalla har kaset ɗin ya gaji: macijiya ce ta rikiɗa ta zama mace, ta auri saurayin da take so. Da kashi na biyu ya fito, kaset ɗin shagon haya duk an yayyanke shi, ba waƙa ba rawa, ba ka ma gane inda labarin ya dosa. Sai maƙwabciyarmu, matar wani direba, ta zo da faifan sidi daga Kano a ƙarƙashin hijabinta, ta ce wannan cikakke ne.

Lokacin ana ta raɗe-raɗin masu aikin hisba na bin gidajen kallo. Ba wanda ya taɓa ganin sun shiga gidan aure, amma Gwaggo ta ce in sa sakata, ta rage murya.

Bayan azahar ne. Mun kai inda 'yar macijiyar ke juyo da idanunta shuɗaye, sai aka shiga dukan ƙofa. Na je zaure na leƙa ta wata kafa, na dawo falo da sauri.

"Gwaggo, maza ne, da sanduna."

Matar direba ta kama salati. Gwaggo ta kai hannu za ta cire faifan, aka ɗauke wuta, ya maƙale a ciki. Ta naɗe na'urar da zani, ta cusa ƙarƙashin gado. Muka yi tsit, ana ta dukan ƙofa.

"Maigidan ba ya nan," in ji Gwaggo daga ƙarshe.

"Mun sani, Hajiya. Ni ne tela na bakin layi. Gamsheƙa muka gani ta shiga ta rariyarku. In akwai yara a tsakar gida ku ɗauke su."

Sai a lokacin muka tuna da jaririn matar direba, da ta shimfiɗe a inuwar bango don kada ƙarar fim ta tashe shi. Ba ta yi ihu ba. Ta fita a hankali, ba takalmi, ta sunkuce shi, ni kuma na zare sakata.

A bayan randa suka sami gamsheƙar, kusa da tabarmar yaron, ta fasa kai. Ina jin saukar sanduna, ban iya kallo ba. Matar direba ta zauna a ƙasa tana ta dudduba jikin ɗanta, har tsakanin yatsun ƙafa.

Da mijin Gwaggo ya dawo ya tambayi abin da ya hana mu buɗewa da wuri, ta ce barci ne ya kwashe mu. Ba wadda ta ƙaryata ta.