Yaya Tabawa da Injin Barcinta

Ku da kuka san Yaya Tabawa kun san ba ta taɓa sayen abu da ido ba. "Sai na ji a jikina," ita ce maganarta tun muna 'yan mata har ta koma ga Mahaliccinta. Ni ce ƙanwarta Kande, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma babu kasuwar da muka ci tare ban sha kunya ba. In turmi za ta saya, sai ta kwance gero daga bakin zane ta daka a gaban mai turmi. In tukunya ce, ta zuba ruwa ta zauna jiran yoyo. Akuya kuwa, wallahi sai ta tatsa ta ɗanɗana.

Wata ranar kasuwar Ɗanbatta ta ga tabarmar kaba ta yi mata. Ta warware ta a bakin rumfa, ta tuɓe takalmi, ta miƙe a kai. Kafin in gama taya ta, barci ya kwashe ta. Sai munshari! Kun dai san munsharin Yaya, kamar injin niƙa ya ci dutse. Mutane suka fara taruwa.

Mai tabarma ya ce, "Iya, don girman Allah ki tashe ta, ta tare mini ƙofar ciniki."

Na girgiza ta, ta tashi tana gyara ɗankwali. Ta dubi tabarmar, ta dubi mutumin, ta ce, "Naɗe abarka, Malam. Ƙaiƙayi gare ta. Ko runtsawa ban iya yi a kanta ba."

A lokacin dariya muke yi, ba mu san ciwo ba ne. Yaya dai ta yi jiki, kuma ko'ina barci ke kama ta: gidan biki, gidan rasuwa, kan sallaya kafin ta shafa addu'a. In tana munsharin sai ki ji ɗif, numfashi ya tsaya, sannan ta ja shi da ƙarfi kamar an tsamo ta daga rijiya. In na gaya mata sai ta ce, "Ƙarya kike yi mini, Kande. Ni da jikina ban taɓa ji ba."

Ranar da dariya ta ƙare ita ce ranar da ta yi gyangyaɗi tana tuyar ƙuli-ƙuli, sana'arta ta fil azal. Ta kifa gaba, bakin zanenta ya kama wuta. Allah ya taimaka maƙwabciyarta ta shigo aron rariya, ta kashe wutar.

Aka aika wa Garba, ɗanta na fari, malamin makaranta a Ungogo. To kun san Yaya da alkunya. Har ta bar duniya ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa duban idonsa ta yi masa magana ba. "Mutumin nan" take ce masa. In suna da zance, ni ake zaunarwa a tsakiya, tana jin sa yana jin ta, amma sai maganar ta bi ta kaina.

Ya kai ta babban asibiti a Kano, suka kwantar da ita suka liƙa mata wayoyi. Likita ya ce in ta yi barci maƙogwaronta ne yake rufewa, numfashi ya tsaya, jiki ya firgita ya farka, haka har gari ya waye. Wato shekara da shekaru Yaya tana kwanciya ne kawai, ba barci take ba. Ya ce in aka bari zuciya za ta gaji. Maganin kuwa wani ɗan inji ne mai hura iska ta tiyo, da takunkumin da ake ɗaurawa a hanci.

Yaya ta ce, "Takunkumi? Kande, tambayi likita, hatsin wa na ci?"

Da muka fito Garba ya ce, "Inna, ki gaya wa Tsohuwa injin nan da wuta yake aiki, garinmu kuwa ko fal-waya babu. Na gyara mata ɗaki a gidana. In an yi girbi zan zo in ɗauke ta, ita da kayanta."

Yaya ta juya masa baya. "Kande, gaya wa mutumin nan a gidan nan aka kawo ni, daga gidan nan za a fitar da ni. In je Ungogo in yi me? A zaunar da ni gaban talabijin da fanka, in riƙa jiran a miƙo mini kwano?"

"Inna, ki ce mata rai ya fi gida."

"Gaya masa na ji. Kunnena ƙalau."

Daga nan ya ja mu ofishin inshorar lafiya, wai ana cire masa wani abu daga albashi duk wata, bari a ji ko za su ɗauki nauyin injin. Wata yarinya mai tabarau, mai haƙuri baiwar Allah, ta soma bayani. Yaya kuwa ta daɗe tana riƙe adashin matan garinmu, nan take ta gano bakin zaren.

Ta ce, "Wato adashi ne. To yaushe ne kwasarsa?"

"Sai in rashin lafiya ta zo, Baba."

"Ai ga ta ta zo. Ga ni."

"Ke ba kya ciki. Shi ne da matarsa da 'ya'yansa."

"Ikon Allah! Wadda aka kawo jiya tana ciki, ni da aka tarar a gidan ba na ciki?"

Yarinyar ta danne dariya ta ce in ya ƙara wani abu a kan abin da ake cire masa za a iya sa ta.

"In an sa ni za ku ba ni injin?"

"A'a, Baba. Ganin likita ne da magani, shi ma maganin za ki ɗan biya wani kaso. Irin wannan injin ba ya cikin tsarinmu, ku za ku saya."

Yaya ta miƙe ta gyara mayafi. "Kande, tashi. Ni da adashina ban taɓa zaɓa wa mace ciwon da za ta yi ba." Har ta kai ƙofa sai ta tsaya. "Amma a sa ni ɗin. Tunda zubi ake yi, ni ma sai na ci."

Aka kuwa sa ta. Tun daga ran nan ko atishawa ta yi sai ta ce a kai ta asibiti, wai kada zubin mutumin nan ya tafi a banza. Ko da yake, gaskiya, maganin hawan jininta ya yi mata sauƙi.

Garba ya ce a bari ya harhaɗa, shi zai sayi injin. Yaya ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Muna komawa gida ta aika aka kira dillali, ta sayar da san da take kiwo, wanda ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kansa.

Na ce, "Haba Yaya! Ɗanki ya ce zai saya, mene ne na asarar sa?"

Ta ce, "Ba ki da wayo, Kande. In shi ya saya, shi zai faɗi bangon da za a jona shi."

Muka hau motar Kano mu biyu, ba wanda ya sani, ta ƙulle takardar likita a lalita. Mai adaidaita-sahu ya sauke mu a layin masu sayar da kayan asibiti. Shagon farko suka ce akwai, amma ba a buɗe kwali sai an biya. Yaya ta ce, "To ku riƙe kwalinku, Allah ya kawo mai sayen kwali." Shago na biyu na hannu ne gare su, da ɗan sauƙi. Ta ɗauki takunkumin ta sansana, ta yar. "Wannan mai shi taba yake sha, kuma bai daɗe da cin albasa ba." Sauran wasu ko sunan injin ba su sani ba, wani ma tulun iskar da ake sa wa marar lafiya ya gungaro mana. Ƙafata ta kumbura, na ce mu haƙura. Ta ce in na gaji in zauna, za ta aiko a ɗauke ni.

Can ƙarshen layi muka faɗa shagon wani dattijo, Alhaji Bukar, Babarbare amma haifaffen Kano. Mu kuwa kun san da jinin Fulani a jikinmu. Yaya tana ganin tsagen fuskarsa ta washe baki.

"Af! Ashe shagon yarona ne. Tashi ka ba uwargijiyarka kujera."

Ya ce, "Yau na shiga uku, Fulani sun shigo gari. Ina kuka baro shanun?"

"Na sayar da guda saboda kai. Kawo injin in gwada."

"Ki gwada kamar yaya, Hajiya?"

"In kwanta in yi barci. In ya yi mini in biya, in bai yi ba ka ci kanka."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce tun da yake, ba wanda ya taɓa neman kwana a shagonsa, amma yana da guda da yake bayarwa haya, sai dai takunkumi ta sayi sabo, nata na kanta. Ya duba takardar likita, ya daidaita ƙarfin iskar yadda aka rubuta. Muka yi azahar, ya sa aka shimfiɗa mata darduma a ɗakin ajiya na ciki, tsakanin kwalaye da kekunan guragu. Na ɗaura mata abin a hanci. Ta zaro ido, ta fizge shi, ta ce iska na shiga mata har kunne. Ya ce daga bakin ƙofa, "Rufe baki, Bafillatana, ki ja ta hanci. Na san rufe baki ne zai yi miki wuya." Ta harare shi, ta mayar.

Jama'a, sai shiru. Yaya tana barci, babu munshari, babu wannan fizgar numfashi. Ni da na saba da rugugi, tsoro ya kama ni. Na kara kunne a ƙirjinta. Na ɗaga hannunta na saki. Na ce, "Alhaji, ka kashe mini 'yar'uwa!" Ya ce, "Dubi cikinta, Hajiya, yana hawa yana sauka."

Ba ta motsa ba sai da aka idar da la'asar. Ta tashi zaune, ta cire takunkumi, ta daɗe tana kallon bango. Idonta fes, kamar na yarinya. Sai ta juyo kaina.

"Kande. Ashe haka kuke barci ku?"

Na ce, "Haka ne, Yaya."

"Duk shekarun nan? Kuka ɓoye mini? Allah ya isa!"

Da aka zo ciniki ta sha shi da wasa har ya ce ya ji ya gani. Ya tambaye ta wuta, ta ce ta riga shi tunani. "Na ga masu noman rani a Watari suna jan ruwa da sola. Abin da ya ɗaga ruwa ya kai gona, iskar hanci ɗaya ce za ta gagare shi?" Ya haɗa mu da mai haɗa sola, ya faɗa masa girman batirin da zai kai ta asuba. Kuɗin sa bai isa ba, ta bi da tumaki biyu, ko a jikinta.

Bayan girbi sai ga Garba da akori-kura har ƙofar gida, ya zo ɗaukar kaya. Ya shigo ya tarar da faifan sola a kan soro, Yaya tana tsakar gida tana murza ƙuli-ƙuli, ido a buɗe tarwai. Ya ga injin a kan kujera 'yar tsugune, an lulluɓe shi da sabon ɗankwali saboda ƙura.

Ya juyo wurina. Sannan ya ce, "Inna, ki gaya mata ba wuta kaɗai ba ce. Ni tsorona kada wata safiya a buga mini waya a ce ta kwanta ba ta tashi ba, ba kowa a kusa."

Yaya ta bar murzar. Ta ce, "Kande, gaya masa kada ya yarda da maganata. In an yi azahar ya zauna a bakin ƙofa ya saurara da kunnensa."

Haka aka yi. Ta shiga ta kwanta, shi kuma ya zauna a dokin ƙofa, direba yana ta danna oda a waje. Ba abin da ke fitowa daga ɗakin sai ɗan huci mai laushi. Na ga ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga, na yi kamar ina tsince wake. Da ta farka ya ce, "Inna, ki ce mata ta zauna. Amma ɗaya daga cikin jikokinki za ta riƙa kwana a ɗakin, kuma duk lokacin da likita ya ce a dawo, za a dawo."

"Gaya masa na yarda. Motar nan kuma an biya ta zuwa da komawa?"

"An biya."

"To ba za ta koma wayam ba!"

Ta sa aka loda mata buhun gero, da gyaɗa, da daron ƙuli-ƙuli, da kara na hura wuta, har da 'yar akuya wai yara su sha nono. Direba ya ce, "Baba, kayan ɗaki aka ce mini." Ta ce, "A ɗaki suke, ɗana. Ja mu gani."

Yaya ta ƙara shekaru masu daɗi a gidanta, tana tuyarta, tana faɗanta. Ba numfashin ne ya ɗauke ta ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki cikin damina, gero ya fara fitar da kai. Ta cika da hantsi a ɗakinta, kanta a cinyata, Garba na riƙe da ƙafarta. Matan da suka yi zaman duniya tare su suka yi mata wanka. Ba a nemi mota ba, a kafaɗa aka ɗauke ta, aka kwantar da ita kusa da marigayi maigidanta.

Ranar sadakar uku Garba ya tsuguna gabana ya ce, "Inna, na gode wa Allah da ta fi ƙarfina."

Allah ya jiƙan Tabawa. Ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata makwanci, ya sanyaya shi. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani, a cikin namu gidajen.