Bakin Inna na Motsi

Sana'ata tura bidiyo. Ina da ƴar rumfa a bakin kasuwar Matamaye, tebur ɗaya, benci ɗaya, sai tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da ba ta tsayawa sai an tokare murfinta da bulo. Mutum zai kawo wayarsa, ko ɗan katin nan na ciki da muke cewa memwar, in zuba masa wa'azi ko kokawa ko waƙar biki. Wanda bai san aikin ba gani yake zubawar ce kawai. Ba haka ba ne. Bidiyo kamar tuwo yake, kowane ciki da irin wanda yake karɓa. Ƙananan wayoyi masu maɓalli 3GP suke so, manya masu shafa MP4, ordinatar kuma tana cin kusan komai amma ita ma tana da ranar ƙyuya. Shi ya sa in na juya bidiyo daga wani tsari zuwa wani, sai na gwada shi a tsofaffin wayoyin da ke aljihun teburina kafin in ba mai shi. Don in mutum ya isa Yauri abu ya ƙi buɗewa, ba wayar zai zaga ba, uwata zai zaga.

Uwar tawa kuwa ba ta ci zagin kowa ba. Inna muke ce mata, kuma ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi: kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni, sai ta ce wa ƙanne, “Ku ce da yayanku ya zo.” In na zo na durƙusa, bango take kallo ta ce, “An yini?” Abinci ma ba ta miƙo mini da hannunta, sai dai in tarar da kwano a rufe a bakin ƙofa. Mata suna yabon ta a kan haka, wai Inna akwai kara. Ni ma na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce. Amma sani daban, ciki daban. Ina yaro in na ga ta ɗora ƙanwata a cinya tana kiran sunanta har da ja masa wutsiya, fita nake yi in bar gidan.

Wannan ƙanwar tawa a Dungu take aure. Da ta haifi namiji, mijinta ya yi mini kara ya sa wa yaron sunana. Na je sunan da safe, na gaida Inna a ɗakin mai jego, ta amsa tana gyara ɗankwali, na fito wurin maza. Kafin azahar na hau babur na dawo rumfata. A ranar Inna ta raɗa wa jaririn laƙabi, don sunan ya fi ƙarfin bakinta, kowa ya yi dariya ya ce ai dama. Ba a rufa shekara ba Inna ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba.

Bayan sadakar arba'in ƙanwata ta zo kasuwa da ɗaurin rake. Ta kwance bakin zanenta ta ciro memwar.

“Yaya, Inna na cikin nan,” in ji ta. “Ranar suna na ɗauke ta da ƙaramar talho ɗina, ba ta sani ba. Wayar ta mutu tuni, yara sun yi wasa da ita ta ɓace. Ka ciro mana ita mu riƙa gani.”

Na ce mata wannan ai aikin shan ruwa ne. Ashe ban san me na ce ba.

Da na sa a ordinatar, hoto ya fito. Dishi-dishi ne, irin na ƙananan wayoyi, amma Inna ce. Tana zaune a bakin gado da zanenta mai ruwan ƙasa, jaririn a hannunta, mata na wucewa ta gaban hoton. Ta ɗaga kai ta duba hagu da dama kamar mai shirin satar nama a tukunya, sannan ta sunkuya kan yaron bakinta ya fara motsi. Sauti kuwa babu, ko ƙis. Na ƙara murya har ƙarshe, shiru. Na mayar baya na sake kallo, na sake. A wani kallon ne na lura da wani abu. Yadda leɓenta suka haɗu suka buɗe a kalmar farko, ba laƙabin nan ba ne. Na je gaban madubin babur ɗina na faɗi sunana ina kallon bakina. Sai na ga kamar shi ne.

Daga ranar ban sake samun sukuni ba. Kamar shi ne, amma kamar ba ta isa ba. Ina son in ji da kunnena.

Na gwada shi a duk wayoyin aljihun tebur. Ƙananan suka ƙi buɗewa sam. Manyan suka nuna hoto, suka rubuto da Faransanci cewa ba su gane irin sautin ba. Na juya shi zuwa MP4, ya fito bebe. Na juya shi zuwa 3GP, ya fito bebe kuma ya ƙara dushewa. Na ce a bar hoton, a ciro mini sautin shi kaɗai, sai ordinatar ta ba ni wata ƙara kamar ana soya ƙosai. Na shiga mota na je Damagaram wurin wani abokin sana'a mai sabuwar na'ura. Ya yi iya yinsa, ya ce irin waɗannan wayoyi na araha kowace da yadda take ƙunshe muryarta, wata sai ƴar uwarta ce kawai ke iya kwancewa. Na buga wa ƙanwata na tambaye ta sunan wayar. Ta ce, “Baƙa ce dai, Yaya, mai tocila a ka.” Rabin wayoyin ƙasar nan baƙaƙe ne masu tocila a ka. Na ji kamar in rufe ta da faɗa, na tuna ba laifinta ba ne.

Sai na ɗauki wata ɗabi'a. Duk wanda ya kawo ƙaramar waya, in na gama masa aikinsa sai in ce ya ara mini ita in gwada wani abu. In zare memwar ɗinsa in sa tawa, in danna, in kara a kunne, in mayar masa. Mai shayin da ke kusa da ni har ya sa mini suna likitan bebaye. Yakan ce, “Yau ma ba ta yi magana ba? Anya ba budurwa ka ɓoye a ciki ba?” Ina yin dariya in ƙyale shi. Me zan ce masa? In ce ƙato da ni, da furfura a gemu, ina neman jin uwata ta kira sunana? Ko ƙanwata ban gaya wa ba. Na tura mata hoton beben, ta yi kuka ta yi godiya, ita ya ishe ta, don ita tana da muryar Inna cike da kunnenta.

Lokacin ni kaɗai nake zaune, aurena ya mutu tun kafin rasuwar. Ranakun da ba na kasuwa ba rumfar takan yi tsit bayan hantsi, sai awaki da ke neman inuwa a ƙarƙashin bencina. In buɗe bidiyon in zuba wa bakin nan ido. Wani lokaci in ce tabbas sunana ne. Wani lokaci in ce kai, salati take yi, son zuciya ne ke nuna mini abin da babu. Kaɗaici na ji a kwanakin nan, irin wanda ban ji ba ko ranar da muka dawo daga maƙabarta. Abinci ma sai in tuna da la'asar ban ci ba, in kora da shayi.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Wata ranar kasuwa wata tsohuwa daga Kurni ta zauna a bencina, ta ciro waya daga cikin leda, baƙa, an ɗaure bayanta da roba. Karatun Alƙur'ani take so. Na zuba mata, na gwada ya yi, sannan na roƙi aron da na saba. Ta ce, “Yi abinka, ɗana, ƙafata ma ta huta.”

Na sa memwar na danna. Guɗa ta tashi daga cikin wayar, da ƙarar kwanuka da hayaniyar mata. Saura kaɗan in yar da ita. Irin waɗannan wayoyi ba su san sirri ba, muryarsu kamar ta mai shela, ni kuma na kasa gano inda ake ragewa. Inna ta duba hagu ta duba dama, ta sunkuya. Ta faɗi sunana. Cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Ta sake faɗa, a hankali, kamar tana ɗanɗana shi. Sannan ta ce wa jaririn nan ɗan kwana bakwai, mai kumatu kamar ƙullin fura:

“Ka rame. Ba ka cin abinci. Ka riƙa cin abinci, ka ji?”

Bidiyon ya ƙare a nan. Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji tsakuwa. A safiyar da aka ɗauki hoton nan na durƙusa a gabanta tana gyara ɗankwali, na fita ina cewa ko kallo ban ishe ta ba.

Tsohuwar ta bar ni sai da na share fuska. Sannan ta ce, “Mahaifiyarka ce?”

Na ce ita ce, Allah ya yi mata rasuwa.

“Allah ya jiƙanta. Kai ne na fari?”

Na gyaɗa kai.

“To, ka ji abinka,” in ji ta. “Amma kar ka bi gari da shi. Ba don mutane ta faɗa ba.”

Na roƙe ta in sake kunnawa sau ɗaya, na kara babbar wayata a jikin tata na ɗauki muryar. Daga baya na ɗinke ta da hoton, na fitar da MP4 da 3GP, na gwada su a kowace waya da ke aljihun tebur, duk suka buɗe, baki da murya suna tafiya tare. Aiki ya yi kyau, irin wanda da na wani ne da na yi fariya da shi. Ban tura wa kowa ba.

Amma wannan daga baya ne. A ranar dai, da tsohuwar ta mayar da wayarta cikin leda ta tafi, na rufe ordinatar kasuwa na tsakiyar ci. Mai shayi ya ɗago ya ce, “Likita, ina zuwa da rana tsaka?”

Na ce masa an aike ni in ci abinci.