Mai Keke da Autarsa, Baya da Baya

Mai Keke ake ce masa, don gyaran keken ɗinki ne sana'arsa tun yana saurayi. Shagonsa ɗan tsut ne a ƙarshen layin teloli, warin man keke ya kama bangonsa. Allah ya ba shi kunne: tela na taka keke zai gaya masa inda ciwon yake, tun bai ɗauki sukudireba ba. Amma ka gaishe shi, sai ya amsa wa takalminka. Wannan telolin sun daɗe da haƙura da shi. Abin da ba su gaji da tsokana a kai ba shi ne cin abincinsa. Zai juya wa duniya baya ya fuskanci bango, shinkafa a kwano ɗaya, miya a wani, in kuwa ɗigon miya ya faɗa cikin farar shinkafar, to kyanwar layin ta yi sa'a. Su a ganinsu rowa ce. Shi kuwa ƙarar taunar wani ce ba ya iya jurewa, da idon mutum a kan bakinsa.

Ba shi ne na farko mai irin wannan hali a gidansu ba. Ya yi wata yaya mace da abin ya fi tsananta a kanta. Tana budurwa ta daina ci. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, daga baya dangi suka riƙa taruwa a danne ta a ɗura mata, kowa da niyyarsa ta alheri. Abin da ya fi tunawa shi ne awarwaronta, yadda ya riƙa zamewa daga hannunta har ya faɗi ƙasa yana juyi. Ta rasu yana yaro, gidan kuma aka daina ambatonta. Har yau in wani ɗan ƙarfe ya faɗi a simintin shago yana juyi, sai Mai Keke ya tsaya cak, ba ya numfashi sai ƙarar ta mutu.

'Ya'yansa duk uwarsu suka biyo, masu surutu da wawason faranti. Auta ce kaɗai ta ɗauko shi. Tun tana ƙarama ta riƙa jan kwanonta ta zauna a bayansa, ta jingina bayanta da nasa, kowa ya ci nasa ba magana. Uwar takan wuce ta ce ga masu gaba nan sun zauna.

Makarantar kwanan da aka kai Auta ce ta fara kwance musu lissafi. Zauren cin abinci ya cika mata kunne, sai ta bar cin abincin rana. Daga nan ta riƙa sauke abinci ɗaya bayan ɗaya, ƙwai, madara, burodi, har cin kansa ya zama abin tsoro. Ko da aka dawo da ita gida, kayan makarantar sun yi mata yawa.

A asibiti akwai sashe na masu irin wannan ciwo, kuma da ƙa'idarsa. Kowa zai zauna a dogon teburi ɗaya, nas tana kallo, a cinye abin da aka zuba, gobe kuma a canza wani. A yi adalci, yara da yawa sun warke a teburin nan. Auta kam toshe kunnuwanta take yi ta kafe ido a kan fitilar da ke zuzu a sama, har a kwashe faranti. Aka fara maganar saka mata roba ta hanci don ciyar da ita. Ranar da Mai Keke ya ga ɗan awarwaron robar da asibiti suka ɗaura mata a hannu ya zame har gindin yatsunta, tsoro ya kama shi irin wanda ya manta yana da shi. Ya fita ya tsaya a baranda.

Wata likita ce ta zauna da Auta ta yi mata doguwar tambaya, sannan ta kira iyayen. Ta ce ban da ciwon ƙin ci, yarinyar tana da otizim: ƙara da wari da taɓawa suna iso mata da ƙarfin da ya fi na sauran mutane, don haka maganin ne zai bi halittarta. Aka ba ta ƙaramin ɗaki, aka kashe fitilar, ana gaya mata abin da za ta ci tun ana gobe, kowane abu a gurbinsa cikin tire. Yawan abincin dai ba a rage ko cokali ba. Duk da haka ba ta ci ba. Da likitar ta tambayi yadda take ci a gida, uwar ta faɗa tana dariyar kunya. Likitar ba ta yi dariya ba, ta dubi Mai Keke, shi kuma yana duban takalminta.

“Malam, gobe da rana ka rufe shago ka zo,” in ji ta.

Ya zo. Aka yi musu shimfiɗa a ƙasa, nas ta zauna bakin ƙofa ta kau da kai. Aka kawo tiren Auta tsaf. Shi kuwa ba wanda ya yi tunaninsa, farantin ma'aikata aka miƙo masa, an malala miya a kan shinkafar ta jiƙe sharkaf. Ya zauna, ta jingina bayanta da nasa. Ƙashin bayanta ya ji ta cikin riga ɗaya bayan ɗaya kamar haƙoran zif, kuma nauyinta bai kai na kan keken ɗinki ba. Ya kasa kunne. Ba ƙarar cokali.

“Baba, ba ka ci,” ta ce a hankali. “Ba na jin bayanka yana motsi.”

Ya dubi farantin. Tunda yake bai taɓa kai irin wannan bakinsa ba. Zai iya tashi ya nemi a canza masa, amma in ya tashi bayanta zai rasa abin jingina, kuma bai san ko za ta sake zama ba. Ya ɗebo. Hawaye ya cika masa ido. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar.

Can a bayansa cokali ya taɓa tire. Bai juya ba, don ya san in ya juya za ta ajiye. Ya sake ɗebo na biyu.