Inde 'Yar Gabi, Mai Daddawa Marar Yatsa

Haihuwa da Tasowa

An haifi Inde a garin Gabi a shekarar 1858 Miladiyya. Mahaifinta Abarshi manomin gero ne, mahaifiyarta Lantana kuwa tana cikin matan da suka fito da sunan garin ta hanyar daddawa. A hannunta Inde ta koyi dafa kalwa da surfe ta da rufe ta har ta nuna, ta kuma koyi al'adar matan Gabi ta danna babban yatsa a tsakiyar kowane curi, domin mai saye ya shaida asalinsa. Ita wannan daddawa mai yatsa, ita ake kira 'yar Gabi a kasuwanni, kuma duk wadda ta jefa ta a miya ba ta sake waiwayar wata.

Aure da Ƙaura

A shekarar 1874 aka ɗaura mata aure da Illo masunci, suka zauna a Gabi har Allah ya azurta su da zuriya. A 1891 Illo ya tashi da iyalinsa zuwa Madarunfa saboda kifin tafki. Inde ko hutawa ba ta yi ba, ta kafa tukunyarta, ta ci gaba da danna yatsa kamar yadda ta gada. Kai, kasuwa ta karɓe ta! Kafin rana ta take kwandonta ya ƙare, har matan garin Safo suna aiko mata a ajiye musu.

Shari'ar Suna

A 1893 matan Gabi masu kawo kaya kasuwar suka kai ƙarar Inde wurin sarkin kasuwa, bisa jagorancin Jummai, ƙanwar mahaifiyar Inde. Hujjar Jummai ita ce daddawa da ruwan rijiyar Gabi da ɗorawar Gabi take zama 'yar Gabi, wadda aka dafa da ruwan tafki kuwa sunan aro ta ɗauka. Inde ta amsa cikin ladabi cewa ruwa ba ya surfe, hannu ne ke aiki, kuma hannun nan Inna Jummai ta san inda aka haife shi. Sarkin kasuwa ya yanke cewa suna na ƙasa ne, ya haramta wa Inde danna yatsa da kiran hajarta 'yar Gabi. Hukuncin ya yi mata zafi ƙwarai, domin da wannan suna take ciyar da gida duk lokacin da kifi ya yi wuya, daddawa marar shaida kuwa ba mai ko taya ta.

Ranar kasuwa ta gaba sai ga Inde da kwando cike da curi sumul, ta tsaya daf da rumfar sarkin kasuwa ta ɗaga murya: "Ga 'yar Gabi ta kawo daddawa!" Jummai ta taso a fusace. Inde ta durƙusa ta ce, "Inna, an hana daddawa suna, ni ba a hana ni ba. Ko ba a Gabi aka binne cibiyata ba?" Kasuwa ta kece da dariya, sarkin kasuwa kansa ya rufe baki da hannun riga, ya ce ba shi da ikon sauya wa mutum mahaifa. Ran nan har wawa aka yi wa kwandon.

Shekarun Ƙarshe

Daga 1895 masu saye suka shiga tambayar marar yatsa, suna kiranta ta Inde, farashinta ya zarce na mai yatsa. Aka wayi gari rashin shaida ya zama shi ne shaida, har wasu matan Gabi suka riƙa mantawa da yatsansu da gangan. Da aka kai wa Inde labari, dariya ta yi, ta ƙi kai ƙarar kowa, ta ce mai miya ta san abin da ta zuba.

Rasuwa

Inde ta rasu da kakar 1899 bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta a Madarunfa. Ranar sadakar bakwai Jummai ta zo da kanta, tsofai-tsofai da ita, ɗauke da kwandon daddawa don miyar baƙi, kuma ba curi ɗaya mai yatsa a ciki. Marigayiya ta bar mijinta Illo da 'ya'ya huɗu: Shu'aibu da Sani, masunta, da Hajara wadda ta gaji tukunyar, sai auta Balaraba, wadda aure ya mayar Gabi, inda kowa yake kiranta 'yar Madarunfa.